Nawa Za A Sa Kwanon Tuwo? Magana Ga Masu Buɗe Rumfar Abinci

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako ƙaramin abu ne a ido, amma ya isa ya karya jarin gida guda. Watau maganar yadda mutum zai sa wa abincin sayarwa kuɗi sa'ad da ya buɗe sabon wuri.

Duk wanda ya bi hanyar nan da ta tashi daga Funtua ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi a 'yan shekarun nan, ya ga yadda rumfunan abinci da teburan shayi suke tsirowa kamar ciyawa bayan ruwan fari. Wanda ya bi ta sau biyu kuma ya ga yadda suke bushewa. Rumfar da ka ci shinkafa da wake a cikinta da kaka, in ka dawo da bazara sai ka tarar murhu ya yi sanyi, benci yana kife. In ka tambayi maƙwabta sai su ce maka, "Ai jari ya karye." Ba kuwa masu saye aka rasa ba. Funtua mararraba ce, motocin Zariya da na Gusau da Sakkwato da na Katsina duk nan suke haɗuwa, ga 'yan dako, ga masu sayen hatsi da suke zuwa daga nesa domin kasuwar Ɗandume da sauran kasuwanninmu. Cikin mutum ba ya hutun aiki. To, me yake karya jarin?

Kwanakin baya mun zauna a rumfar wata 'yar'uwa wadda mai gidanta ya rasu ya bar ta da yara. Kwasar adashenta na zumuntar mata ta haɗa da kuɗin akuya biyu ta sayi tukwane da faranta da benci, ta kama rumfa kusa da tasha. Tuwonta yana da kyau, miyarta kuwa ba a magana, gama mun ci mun shaida. Muka ce mata, "Mama, nawa kike sa kwano?" Ta ce, "Yadda kowa yake sawa mana, Malam." Muka ce, "Shi kwanon nawa yake ci miki kafin ya iso gaban mai saye?" Sai ta yi dariya ta ce, "Haba Malam, wa yake wannan lissafi? In dai an sayar an sami na cefanen gobe, ai sai godiya."

Godiya kam wajibi ce. Amma a cikin amsar nan tata ne muka ga ramin da yawancin sababbin masu abinci suke faɗawa. Ra'ayinmu shi ne, farashin abinci daga cikin tukunyar mai shi ya kamata ya fito, da alƙalami da takarda. Ba a aro shi daga rumfar maƙwabciya, ba a kuma bari kunya ta yanka shi.

Mu fara da maganar maƙwabciya, gama ita ce hujjar da aka fi kawo mana. Ana cewa in na sa fiye da nata, kowa zai koma wurinta. Akwai gaskiya a ciki, kuma wanda ya buɗe wuri bai zaga ya ji abin da ake sayarwa a unguwar ba ya yi wauta. Sai dai ke ba ki san abin da yake cikin tukunyarta ba. Wataƙila rumfar ta mijinta ce, ba ta biyan haya. Wataƙila 'ya'yanta mata uku ne suke yi mata wanke-wanke da ɗiban ruwa. Wataƙila ta sayi buhunan masara tun da kaka ta ajiye. Wataƙila kuma ita ma faɗuwa take yi ba ta sani ba, kina bin ta a baya, ku biyu ku faɗa rami ɗaya. Farashinta yana nuna miki iyakar abin da mutanen wurin suka saba biya. Ba ya gaya miki ko ke za ki iya rayuwa a kansa.

Bari mu yi misali da lambobi masu sauƙin lissafi. Ba farashin kasuwar yau muke bayarwa ba, kowa ya cire namu ya sa nasa. A ce a rana guda mai tuwo ta kashe naira 6,000 a masara da niƙa, 7,000 a kayan miya da mai da daddawa da magi da kuka, 8,000 a nama, 2,000 a itace, 1,000 a ruwa da sabulu, 1,000 kuma a kuɗin mashin na ɗauko kaya daga kasuwa. Wannan ya kama 25,000, shi ne kuɗin da take gani yana fita daga bakin zanenta kowace safiya. Tukunyar ta ba da kwano 60. Biyar yaran gida suka ci, uku suka yi kwantai, biyu suka tafi a gyara da kyauta. Saura 50 aka sayar. In ta sa naira 500 yadda maƙwabciya take sawa, da yamma za ta ƙirga 25,000 cif. Sai ta ce ba a ci riba ba amma ba a faɗi ba, gobe ma a koma kasuwa.

Alhali kuwa ta faɗi. Gama akwai kuɗin da ba ya fita kowace safiya, amma yana nan yana jiran ranarsa. Hayar rumfa in an raba ta bisa kwanakin aiki, a ce 500 a rana. Yarinyar da take taya ta aiki, 1,500. Tsufan tukunya da fashewar faranti da ɓatan cokali, 500. Sa'an nan ladan ita kanta mai abincin, wadda ta tashi tun asuba ta tsaya a gaban wuta har la'asar, a ce 2,500. Wannan 5,000 ke nan. Ashe abin da ranar ta ci 30,000 ne, kuma in an raba wa kwano 50 da aka sayar, kowane kwano ya tsaya mata a kan 600 tun ba a yi zancen riba ba. Tana sayarwa 500, watau kowane mutum da ya zauna a bencinta naira 100 take cika masa daga jarinta. Cikin kwana 26 na aiki, tun da yake ba ta buɗewa ran Lahadi, 130,000 sun tafi. Ranar da mai rumfa ya zo karɓar haya, ko tukunya ta huje, ko yaro ya kwanta ciwo, ranar ce za a taɓa uwar kuɗi. Daga nan sai cefane ya ragu, miya ta tsinke, masu saye su janye, a ce jari ya karye.

Wurin da aka fi yi mana gardama shi ne ladan mai abincin. Mata da yawa suna jin nauyi su ce suna biyan kansu, sai ka ji an ce, "Ni da abina?" To, in da wani ne ya ɗauke ki wannan aiki, za ki yi masa kyauta? A watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a wata, wanda in an raba shi kwana 30 bai kai 2,400 a rana ba. Ba muna cewa kowace rumfa za ta iya biyan wannan tun watan fari ba. Muna cewa a rubuta wani abu a wannan layi, ko yaya yake, domin sana'ar da ba ta iya biyan mai yin ta ba sana'a ba ce, wahala ce da aka sa wa suna.

Haka nan maganar hatsin gona. A ƙasarmu ta noma sau da yawa za ka ji an ce, "Ai masarar ta gonarmu ce, ba saye muka yi ba." Wannan kuskure ne mai tsada. An sayi taki, an biya 'yan ƙwadago, an biya kuɗin casa da ɗauko ta gida. In da an kai buhun nan kasuwar Funtua ko Bakori da kuɗi za a dawo. Saboda haka duk tiyar da aka ɗiba daga rumbu zuwa rumfa a rubuta ta a kan kuɗin da ake sayar da ita a kasuwa a wannan mako. In ba haka ba, rumfa za ta cinye rumbu a hankali, a wayi gari a watan Agusta gida yana awo da tsada, ana kuwa tsammani ana kasuwanci.

Wannan ya kawo mu ga abin da mazauna birni ba su cika lura da shi kamar mu ba, watau shekara ba farashi ɗaya take da shi ba. Yawancin masu buɗe wurin abinci a nan da kaka suke buɗewa, gama lokacin ne kuɗi yake hannu, an sayar da masara da waken suya da auduga. Lokacin ne kuma hatsi ya fi araha. Da rani tumatirin lambu na Ɗanja da kewaye yana cika kasuwa har ana rasa yadda za a yi da shi. Wanda ya yanka farashinsa a kan wannan araha, sa'ad da damina ta sauka, tumatir ya yi wuya, itace ya jiƙe, hatsi ya hau, sai ya ga kwanon da yake ba shi riba ya koma cin jarinsa. Mai hankali yakan yi lissafi biyu tun ranar fari, na lokacin araha da na lokacin tsada, ya sa farashin da zai iya ɗaukar duka biyu, ribar kaka ta riƙe damina.

Ban da juyin shekara kuma akwai abin da ba wanda ya shirya masa. A 2016 tsutsa ta cinye gonakin tumatir a arewa har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, shinkafa ta hau. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga kuɗin alkama a duniya, tun da yake kuwa yawancin alkamar da ake yin fulawa da ita a ƙasar nan daga waje take zuwa, mai shayi a bakin tashar Malumfashi ya ji a kuɗin burodinsa. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da take ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, kuɗin niƙa da na mota da na mashin duk suka bi ta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yuni na 2024 tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a kan ta Yunin 2023. Ga kuma rashin tsaro da ya hana manoma da yawa a wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara zuwa gonakinsu na nesa. Wanda ya rubuta farashi sau ɗaya ya ce ya gama, a irin waɗannan shekaru, ya yi kamar mai auna ruwan kogi da rani ya ce haka zai tsaya. Shawararmu ita ce a zauna da littafi a sake lissafin nan aƙalla sau ɗaya a wata.

Yanzu ga wani abu da yake namu na gida. A wurinmu ba a cika tambayar nawa ne kwano ba. Mai saye ne yake cewa, "A sa mini na ɗari biyar," mai abinci kuma ta ɗiba. Ashe ainihin farashin yana cikin ludayi da mara. Nan ne sabuwar mai abinci take zubar da ribarta ba ta sani ba. Wanda ta sani ta cika masa, wanda ya yi mata fara'a ta ƙara masa miya, wanda ya ce "Mama, a ɗan gyara" ta sake tsoma ludayi. Tukunyar kwano 60 sai ta ƙare a 45. A sami ludayi ɗaya da mara ɗaya, a san malmala nawa tiya take bayarwa, a san yanka nawa ake fitarwa daga naman da aka saya, a kuma sayar da nama daban da tuwo, domin wanda ba shi da halin nama ya ci tuwonsa da miya ba tare da an ɗora masa kuɗin naman wani ba. Mai shayi ma haka, ya san kofi nawa gwangwanin madara yake yi, cokali nawa na sukari yake zubawa, ya kuma yi wa Indomie da ƙwai lissafinsu daban, da man suya da gas ko gawayin da suke ci.

Amma ludayin nan yana da wata fuska da ba mu yarda da ita ba. Sa'ad da kaya suka yi tsada, da yawa ba sa ƙara kuɗi, sai su rage malmala a ɓoye, su tsinka miya, ƙosai ya koma kamar ƙwallon goriba da aka gwaguya. Mai saye ba yaro ba ne, cikinsa zai gaya masa. Gara a rubuta farashi a allo da alli inda kowa zai gani, in an ƙara a faɗa a fili a ce daga ran Litinin kwano ya koma kaza saboda kaza. A kuma yi ƙaramin kwano mai ƙaramin kuɗi domin ɗan dako da ɗan makaranta, a kira shi ƙarami, kada a ba mutum ƙarami da sunan babba. Allon nan yana da wani amfani kuma, gama yana hana a yi wa baƙon da ya sauko daga mota wani kuɗi, ɗan gari wani. Matafiyi ma yana da baki, direbobi kuwa su ne suke kai labarin wurin abinci gari gari.

Sai a yi hankali da canji. Kwabbai sun daɗe da ɓacewa daga hannun mutane, takardun naira 5 da 10 da 20 kuma ba su da wani tasiri a kasuwa, saboda haka farashi da hamsin hamsin ko ɗari ɗari yake tafiya. Wanda ya sa 570 zai wuni yana neman canji, ƙarshe ya bar wa mutane 20 ko su bar masa 30 da ɓacin rai. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane da yawa sun saba biya ta waya, mai POS kuwa yana cire nasa in za a karɓi kuɗin a hannu. Wannan ma a sa shi cikin lissafi.

Kada masu saye su ce mun goyi bayan masu sayarwa kaɗai. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, a 2025 kuma hatsi ya sauko ƙwarai, har manomanmu suka koka gama taki bai sauko tare da shi ba. Mutane suka fara tambaya, masara ta sauko, don me tuwo bai sauko ba? Tambaya ce mai kyau. Amsar rabi tana cikin misalinmu na sama, inda masara da niƙa 6,000 ne kawai cikin 30,000, watau kashi ɗaya cikin biyar. Ko masara ta faɗi da rabi, abin da zai ragu a kwano bai wuce naira 60 ba, muddin nama da mai da itace da haya suna inda suke. Amma ɗaya rabin amsar yana wuyan mai abinci. Wadda ta ce masara ce ta sa ta ƙara kuɗi, in masara ta sauko sai a ga alama, ko a kuɗi ko a girman malmala. Lissafin da ya ba ta ikon ƙarawa shi ne kuma yake bin ta bashin ragewa.

Saura magana mai nauyi, wadda ta shafe mu mu da muke zama benci ɗaya ran Lahadi. Da muka buɗe littafin 'yar'uwan nan tare da ita, gama daga baya ta yarda ta fara rubutawa, mun tarar rabin abin da ya hana ta numfashi bashi ne, yawancin masu bashin kuwa ba direbobi ba ne, ba baƙi ba ne, mu ne. Wannan ya ci ya ce sai ƙarshen wata, wancan ya ce sai ya sayar da waken suya, wani ma bai ce kome ba, ya wanke hannu ya yi godiya ya tafi, ita kuwa kunya ta hana ta buɗe baki domin tare suke waƙa a ƙungiya. Mu masu hidima ma ba mu fita ba. Sau nawa aka ce mana, "Malam, bar shi kawai," muka kuwa bari da murna, ba mu tambayi kanmu daga jarin wa wannan kwano ya fito ba? Baƙo yana biya ba gardama, ɗan'uwa ne yake neman ragi. In muna so mu taimaki gwauruwa da ta kama sana'a, hanya mafi sauƙi ita ce mu ci a wurinta mu biya kuɗin da yake a allo, a ranar, ba sai ta aiko yaro ba.

Ba muna hana kyauta ba. Mai abinci tana da iko ta ciyar da wanda ta ga dama, maraya ko tsoho ko wanda aka kora daga ƙauyensu ya shigo gari ba shi da kowa. Abin da muke roƙo shi ne ta san kwano nawa take bayarwa a rana, ta yanka adadin da kanta, ta rubuta shi a wurinsa, domin ta bayar da saninta daga abin da ta samu. Bashi kuma in ya zama dole, a sa masa iyaka da rana, a rubuta a gaban mai ci. Kuɗin da aka ci da shi a watan Yuni aka biya a Nuwamba ba ya sayen abin da zai saya a da.

Ita dai 'yar'uwan nan ta sayi allo. Ta ƙara kuɗin babban kwano, ta fito da ƙarami, ta raba nama daban, ta kuma bar dafa abinci kala biyar ta tsaya a kan tuwo da shinkafa da wake, da zoɓon da take haɗawa da kanta, gama ta ga ya fi lemon kwalba bar mata wani abu. Mako biyun fari wasu sun ƙaurace mata, har da waɗanda muke tsammani su ne za su fara tsayawa. Waɗansu sun dawo, waɗansu ba su dawo ba. Da muka koma muka tambaye ta labarin tsohon bashin, sai ta buɗe shafin ta nuna mana, sunaye goma sha ɗaya, uku ne kaɗai aka ja wa layi. Ta ce, "Malam, na allo na iya, wannan kuwa sai dai ku ku faɗa musu."